Keke a Kaduna: takardar da za ka riƙe da titin da za ka kauce wa

Ɗan yayata ya shigo gidanmu a Tudun Wada da yamma, yana ture da wani keke mai giya ɗan gwanjo, sai murmushi yake kamar wanda aka ba kujerar Makka. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, wai gaskiya ne keke ma sai an yi masa lamba? Wani ya ce mini za a kama ni." Na ce masa ya jingine keken ya zauna. Na tambaye shi rasit, ya ce babu. Na tambaye shi sunan wanda ya sayar masa, ya ce "wani ne dai a bakin kasuwa". Na ce to ai abin da ya kamata ya hana ka barci ke nan, ba lamba ba.

Ni ba lauya ba ne, malamin makaranta ne. Na koma kan keke a ƙarshen watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana hawa babur gaba ɗaya, na haya da na gida, saboda matsalar tsaro, ta kuma ce Keke Napep ya tsaya da aiki daga ƙarfe 7 na yamma. Na ajiye babur ɗina a zaure na sayi keke, da niyyar da an ɗage doka in koma. Aka ɗage, na ɗan koma, sai ga 29 ga Mayu 2023, aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Tun daga nan keke ya zama abin hawana na zuwa aiki. Abin da zan faɗa a nan, rabi na karanta ne, rabi kuwa a kan kwalta na koye shi.

Mu fara da lambar. Lambar da kake gani a jikin mota da babur, mai farawa da DKA ko MKA ko TRK ko KJM, ta abin hawa mai inji ce. Haruffan nan uku suna nuna hedikwatar ƙaramar hukumar da aka danganta rajistar da ita: Doka ta Kaduna ta Arewa, Makera ta Kaduna ta Kudu, Turunku ta Igabi, Kujama ta Chikun. Shuɗin rubutu na gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. Keken da kake tuƙawa da ƙafarka ba ya cikin wannan layi. Ba a yi masa irin wannan lamba, ba a neman lasisin tuƙi a hannunka, ba a neman inshora. Duk wanda ya ce zai "yi maka hanyar" lambar keke, aljihunka yake hange.

Sai dai wanda ya tsorata yaron nan bai yi ƙarya ɗari bisa ɗari ba, tsohon labari ne ya ji wutsiyarsa. A cikin adakar Hajiyarmu akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai faɗin yatsu uku, da huda a jikinsa, da lamba da aka buga da guduma. Shekarar da ke jiki ta goge, sai lambar ta rage. Lasin keken Baba ne. Baba ya yi aiki a masaƙa a Kakuri, zamanin da in aka tashi daga aiki kekuna ke cika titi maƙil kamar an buɗe wa tumaki garke, Raleigh da Phoenix da Hercules, kowa da kwanon abincinsa a kariya. Yakan ce tun zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, shekara in ta zagayo sai ka je ka biya a ba ka sabon ƙarfe ka ɗaura a keke, in ɗan doka ya tare ka babu shi, kai da keken sai ofis. A lokacin keke dukiya ce. Mutum kan yi adashi na shekara kafin ya mallake shi, ya naɗe bodin da leda mai launi, ya sa madubi biyu da ƙararrawa, ranar Lahadi ya wanke shi kamar doki.

Wannan iko bai mutu tare da En'e ba. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 sai ya koma hannunsu, kuma har gobe yana nan a kundin tsarin mulki na 1999. Buɗe Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, za ka ga ba da lasin keke da amalanke da baro da kwalekwale da kurar da ba ta da inji. Wata dokar tarayya ta 1998, wadda ta raba wa gwamnatoci uku irin harajin da kowacce za ta karɓa, ita ma ta sa kuɗin keke a kason ƙaramar hukuma. Ke nan in akwai mai hurumin tambayarka lasin keke, ƙaramar hukumarka ce. Mutumin Rigasa na Igabi ne, mutumin Kakuri na Kaduna ta Kudu, mutumin Unguwar Rimi na Kaduna ta Arewa, mutumin Sabon Tasha na Chikun.

A aikace kuwa, tunda na koma kan keke ban taɓa ganin mai keken hawa da irin ƙarfen Baba ba, kuma ba wani ma'aikaci na gaskiya da ya taɓa tambayata. Waɗanda suka fi cin karo da maganar tikiti su ne masu neman abinci da abin turawa a bakin kasuwa: 'yan baro, masu kura, masu amalanke. In keken naka na sana'a ne, kana tallan burodi ko kankara ko kana kai saƙo, to ka taka da ƙafarka zuwa sakatariyar ƙaramar hukumarka ko ofishin hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ka ce ga sana'arka, me ke kanka. In akwai, a rubuta maka a takarda, ka biya ta banki, ka riƙe shaidar biya. Tun 2016 dokar haraji ta jihar Kaduna ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun wannan hukuma ɗaya, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Ita ma waccan dokar ta 1998 ta hana kowa datse hanya don karɓar haraji. Ka riƙe waɗannan biyun a ka, za su yi maka rana.

Ni sun yi mini. Wata safiya, ina sauri in riski darasin farko, wani mutum sanye da riga mai ƙyalli ya sha gabana a wani lungu kusa da kasuwa, ya dafa kan keken. Hannunsa ɗaya riƙe da ɗan littafin tikiti wanda ruwa ya taɓa jiƙawa.

"Malam, lasin keke."

"Na wace hukuma?" in ji ni.

"Na gwamnati mana."

"To, madalla. Rubuta mini takarda da lambar asusun da zan biya, in na tashi daga aiki in bi ta banki. Ko kuma mu tafi ofishinku yanzu, ina ne?"

Ya dube ni, ya dubi littafinsa, ya ce in ba da ko ɗari biyu ce ta shayi. Na ce shayi daban, lasin daban, wanne yake so? Sai ya saki kan keken ya juya wajen wani mai baro. Ban ɗaga murya ba, ban zage shi ba, kuma ina ba ka shawara kai ma kada ka yi. Ba ka san wa ke tsaye a bayansa ba, kuma faɗa a bakin kasuwa ba ya ƙare wa mai keke da daɗi. Tambaya uku sun isa: wace hukuma, ina katin aiki, ina takardar biya ta banki. Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushinsu.

Yanzu ga abin da na zaunar da ɗan yayata a kai. Tunda hukuma ba ta ajiye sunanka da na kekenka a wani littafi ba, kai ne ofishin rajistar kanka. Kuma keke yana da tasa lambar tun daga masana'anta, mutane ne ba sa dubawa. Kifa keken, sirdi da kai a ƙasa, tayoyi a sama. Dubi ƙarƙashin bodi, daidai kumburin nan da feda ke juyawa a ciki. A mafi yawan kekunan zamani nan take, haruffa da lambobi a buge cikin ƙarfe. In ba ka gani ba, duba bututun da sirdi ke shiga daga sama, nan tsofaffin kekuna irin na su Baba suka fi ajiye tasu, ko kuma wajen da tayar baya ke ɗaure. Sau da yawa laka da baƙin mai sun rufe ta. Sa tsumma da ɗan kananzir ka goge, sannan ka shafa alli a kai ka share da yatsa, farin zai zauna cikin ramin rubutun ya fito raɗau. Ka kwafe a takarda, ka ɗauki hoto da waya. Ka kula da sifiri da harafin O, da 1 da I, da 8 da B. Ni sai da na kwafa sau biyu kafin na dace.

In sabon keke ne daga shago, aikin da sauƙi. Kada ka yarda da rasit ɗin da aka rubuta "keke ɗaya" da kuɗi kawai. Ka sa mai shago ya rubuta sunanka cikakke, da samfurin keken, da launinsa, da lambar bodin nan, da kwanan wata, ya sa hannu ya buga hatimi. Zai ce maka ba a saba ba. Ka ce yau a fara. Minti biyu ne.

Na hannu shi ne inda ake zubar da hawaye. Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai suna da dillalansu sanannu masu rumfa, waɗannan ka sa su yi maka rasit kamar na shago. Matsalar ita ce keken da wani ya turo ya ce "matsuwa ce ta sa", yana waige-waige, yana neman rabin kuɗin da kowa ya san keken ya kai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A dokar Penal Code, wato kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a nan Arewa, karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa in ka sani ko kana da dalilin zargi, kuma arahar da ta wuce hankali ita kanta dalili ce. Ba ka sato ba, amma sunan da za a kira ka da shi a unguwa ɓarawon zaune ne. Kafin ka miƙa ko kwabo, kifa keken ka duba lamba. In ka ga an goge wurin da zarto, ko an tsiyaya masa walda, ko fenti ya yi kauri a nan kaɗai, miƙe ka yi sallama. Kada ka tsaya ciniki.

In lamba na nan lafiya, to a yi cinikin a inda aka san mai sayarwa: ƙofar gidansa, ko shagonsa, ko gaban mai unguwarsu. Ba a bakin titi ba, ba da daddare ba. A samu shaidu biyu, ɗaya nasa ɗaya naka, a rubuta takarda. Ba sai an je wurin lauya ba, fallen littafin makaranta ya isa. Ga yadda nake rubuta tawa:

"Ni wane ɗan wane, mazaunin unguwa kaza, layi kaza, na sayar wa wane ɗan wane kekena samfurin kaza, launi kaza, mai lambar bodi kaza, a kan naira kaza, kuma na karɓi kuɗina cif. Na tabbatar keken nawa ne, ba na sata ba, ba na jingina ba, ba na gado da ba a raba ba. In wata magana ta taso a kansa, ni zan amsa."

Sai kwanan wata, sa hannun mutum huɗu da lambobin wayarsu. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Maganar gadon nan kada ka cire ta, na ga inda yaro ya sayar da keken marigayi mahaifinsu, 'yan'uwa suka biyo sahu bayan wata biyu. Ka nemi tsohon rasit in yana da shi, ka haɗa da taka takardar. Ka kira lambar wayarsa nan take ka ji ta yi ƙara a aljihunsa. In ta hanyar tura kuɗi ka biya, ya fi, don sunansa zai fito a saƙon banki. In akwai dillali, a ba shi la'adarsa, shi ma ya sa hannu. Asalin takardar ta zauna a gida, hotonta a waya, kwafi ɗaya a jakar da kake fita da ita.

Akwai wata dabara da wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ya koya mini, kuma ita ta dawo mini da kekena. Ya ce, "Malam, lamba ana iya goge ta, fenti ana iya sake shi. Sa abin da ɓarawo bai san yana nan ba." Ya sa na rubuta sunana da lambar wayata a 'yar takarda, ya naɗe ta kamar taba, ya sa a leda ya ɗaure da zare, ya kwance sirdi ya zura ta cikin bututun, ya mayar ya ɗaure. Na ce, "Baba, wannan ai kamar laya." Ya ce, "Laya ce mana, ta masu keke."

Bayan kamar wata bakwai, ranar wata Juma'a, na makara. Na jingine keken a jikin katanga cikin sauran kekuna, na murɗa ɗan makullin nan na tayar baya, na shiga sahu. Da aka sallame na fito, wayam. Makullin tayar baya hana tuƙawa yake, ba ya hana ɗauka. Mutum ɗaya ya saɓa shi a kafaɗa, ko a jefa shi bayan Napep, shi ke nan.

Ga abin da na yi, kuma shi nake gaya wa kowa. A ranar na je wurin mai unguwa da shugaban 'yan sintiri na faɗa musu. Na wuce ofishin 'yan sanda mafi kusa da rasit da hoto, aka rubuta a littafi da lambar bodin. Wasu na cewa ɓata lokaci ne zuwa caji ofis a kan keke. Ba don su bazama nema kake zuwa ba, don ranar da keken ya bayyana a tarar ka riga kowa kai magana. Sannan na bi masu gyaran keke da masu faci ɗaya bayan ɗaya, daga unguwarmu har maƙwabta, ina nuna musu hoto ina barin lambar waya. Cigiyar keke a wurinsu ake yinta. Keken sata dole ya yi faci wata rana, kuma mai gyara yana gane keken da ya taɓa kamawa kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa.

Kwana goma sha ɗaya, sai ga kiran Baba mai gyara. "Malam, zo yanzu, kada ka yi hayaniya." Na tarar da keke a kife gabansa, an mayar da shi baƙi daga shuɗi, an cire kariya, an sake sirdi. Wani saurayi mai tallan kayan miya na zaune a benci yana jiran a ɗaure masa birki. Baba ya gane shi ne da wata walda da shi da kansa ya yi a madigadin baya. Yaron ya rantse da Allah saya ya yi, kuma na yarda da shi, don fuskarsa ba ta mai laifi ba ce, ta mai tsoro ce. Muka ɗunguma zuwa ofis. An kankare lambar bodin, saura haruffa biyu. Jami'in ya ce, "To Malam, shi ya ce nasa, kai ka ce naka, lamba kuma ta tafi." Na ce, "Yallaɓai, a ba ni sifana." Aka kwance sirdi, aka kifa keken aka bubbuga, Baba ya sa waya mai lanƙwasa ya jawo. Leda ta faɗo a kan tebur. Wanda ya sake sirdin bai leƙa cikin bututun ba. Jami'in ya warware, ya karanta, ya kira lambar, wayata ta yi ƙara.

Na samu kekena. Yaron nan kuwa ya rasa kuɗinsa, jarin wata guda, ya wuni a ofis, sai da yayansa da mai unguwarsu suka zo suka tsaya masa. Ba shi da takarda, ba shi da shaida, wanda ya sayar masa ko sunansa bai sani ba. Har yau in na tuna shi raina ba ya mini daɗi. Tun daga ranar nake yawo da sarƙa mai kauri da kwaɗo, ina zura ta cikin bodi da tayar baya in haɗa da turken wuta ko ƙarfen da ba ya tumɓukuwa. In akwai mai gadin ababen hawa a masallaci ko kasuwa, ina biyansa in karɓi kati.

Saura titi. Rashin lamba bai fitar da kai daga dokar hanya ba. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, amma wasu masu keke har yanzu kamar labarin bai iso musu ba. Suna bin hannun da motoci ke tahowa, wai don su riƙa ganin abin da zai buge su. Wannan shi ne babban kuskuren mai keke a garin nan. Direban da zai fito daga layi hagunsa yake kallo, inda motoci ke zuwa, ba ya tsammanin wani abu daga dama. Ka bi hannunka, gefen dama, amma kada ka manne da bakin lambatu, bar wa kanka kamar taku ɗaya na kaucewa rami da yashi. Motar da ke fake kuma ka ba ta tazarar buɗe ƙofa. Danja in ta nuna ja, da kai take. Jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jiha, da ke tsaye a mahaɗar Ahmadu Bello Way ko Ali Akilu in sun ɗaga hannu, hannun ya haɗa da kai. Za ka juya, miƙa hannun ɓangaren da za ka tun da sauran tafiya, ka waiga, sannan ka karya.

Shataletale shi ne jarrabawa. Na cikin da'ira shi ke da hanya. Inda ake kaɗe mai keke shi ne bakin mafita, lokacin da kai kana son ci gaba da zagaye, mota kuma tana son fita ta gabanka. A ƙananan shataletale nakan shiga tsakiyar layina sosai don kowa ya gan ni, in nuna hannu. A manya irin na Stadium da safe, ko wajen gadar Kawo inda motocin Zariya da na Mando da na cikin gari ke cakuɗewa, sauka nake in tura keken in tsallaka tare da masu ƙafa. Ba abin kunya ba ne. Gadar sama kuma ban hawa, in akwai hanya ta ƙasa ita nake bi.

Ka'idojin hanya na ƙasa sun hana keken ƙafa hawa babbar hanyar da ake kira ekspres, tare da dabbobi da 'yan talla da masu koyon mota. Hanyar Abuja da ta Zariya zuwa Kano ba wurin keke ba ne, ko da kana ganin mutanen ƙauye na bin gefensu. Cikin gari kuma, titin da na fi tsoro shi ne Bayafas, wato Nnamdi Azikiwe, saboda tireloli da tankoki. Iskar tirela kaɗai tana iya jan ka. Kada ka kuskura ka tsaya ko ka kutsa ta gefen damanta a mahaɗa, direban ba ya ganinka, in ya karya kwana tayoyin baya ta kanka za su bi. Yaran da ke kama bayan tifa ko Napep don a ja su, in naka ne ka karɓe keken mako guda. Kuma kada wani ya ce girma na kare mutum: a 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, mai yi wa 'yan Nijeriya wa'azin hawa keke, bas ta tura shi cikin rami a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki.

Dare kuma sai da fitila, fara a gaba, ja a baya. Masu caji suna nan da araha a shagunan kayan keke, ba sai dainamo irin na da ba. Lokacin hunturu, in hazo ya sauko, tun la'asar nake kunna tawa. Birki biyu su kasance suna ci, ƙararrawa tana ƙara. Goyo a kan bodi, gaban mai tuƙi, shi ke hana ka juya kai yadda kake so. In za ka ɗauki yaro, a kariya, kuma ka tabbata ƙafarsa ba za ta shiga waya ba. Kaya kada su fi kan keken faɗi. Mai ɗauko rodi ko katako a gicciye daga Panteka, shi da mai mota duk suna cikin haɗari. Hular kwano kuwa, wadda aka tilasta wa masu babur tun farkon 2009, ni ina sa irin ta keke, ana mini dariya a ma'aikata, ina amsa dariyar.

Kaduna garin soja ne, ka san wannan. A ƙofar bariki ko shingen jami'an tsaro, rage gudu tun daga nesa, cire abin kunne, in an ce sauka ka tura, sauka ka tura. Makarantu da asibitoci da rukunin gidaje masu ƙofa kowanne da nasa tsarin, mai gadi ya fi ka sanin wurin aikinsa. Cikin kasuwa ma turawa ake yi. In kuma gwamnati ta sa dokar hana fita, ba ta ware mai keke ba.

Ranar da ka ɗaura wa keke injin fetur, ka fita daga duk sauƙin da na lissafa. Ya zama abin hawa mai inji, kuma duk dokar da ta hau babur ta hau shi. Shi babur, har da mai caji, sai da rajista a ofishin lasisin ababen hawa, da lamba, da takardun da ake sabuntawa duk shekara, da lasisin tuƙi rukunin A wanda sai ka kai shekara 18, da inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, wadda aka sa kuɗinta naira 3,000 ga babur daga Janairun 2023. Sannan ka riƙa sauraron rediyo, don dokar babur a jihar nan tana motsi: an hana acaɓa a cikin Kaduna da wasu manyan garuruwa a 2014 zamanin Gwamna Yero, aka zo aka yi ta 2021 da na ambata.

In tsautsayi ya faɗa, mota ta taɓa ka, abu na farko lambarta, ko da rabinta ne, da launinta. Lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya 112. Kada ka yarda da "tashi ka karkaɗe, ba komai" alhali kanka ya bugu, je a duba ka. In kai ne ka karce wa wani mota ko ka ture tiren mai talla, ba ka da inshorar da za ta tsaya maka, daga aljihunka za ka biya, don haka ka sauka ka ba da haƙuri a sasanta tun mutane ba su taru ba.

Ɗan yayata ya kifa kekensa a tsakar gida, muka goge da kananzir, lamba ta fito cikakkiya, na yi hamdala. Washegari na raka shi bakin kasuwar, muka yi sa'a masu rumfar wurin sun san mutumin, ashe yaron wani dillali ne. Aka rubuta takarda, shaidu biyu suka sa hannu, maigidan ya buga hatimi. Da muka dawo muka bi ta wurin Baba mai gyara ya zura masa tasa layar. Da daddare ya lallaɓa wurin Hajiya wai ta ba shi ƙarfen Baba ya ɗaura a kekensa don ado. Ta fito da shi, ta bari ya juya shi a hannu, sannan ta karɓe ta mayar cikin adaka ta kulle.